Faifan da Aka Wanke

SHAFI NA 23

Masu yi mini tsiya a ƙasan shafin jiya cewa na bar tsoho a tsakiyar kasuwa ana yi masa dariya, ku yi haƙuri, ba ni na sa su ba. Yau dai Tambuwal muka nufa.

*

Tun daga Kebbe har suka hau kwalta Gidaɗo idonsa na kan hanya. Yana zaune a bayan babur ɗin babban ɗansa Malam Atiku, hannu ɗaya a ƙarfen baya, ɗayan dafe da aljihun da ya cusa sabon faifan sidi.

"Baba, mu koma," in ji Atiku, karo na uku ke nan. "Zuwan ga ba shi da amfani."

"Tuƙa."

"Alhaji Attahiru ba shi da lafiya. Ɓarin jikinai ya shanye."

"Bakinai bai shanye ba. Tuƙa."

Atiku ya ci gaba da tuƙi. Mutumin da ke tsawata wa ɗalibai ɗari biyu a Islamiyya, wanda ake shirin naɗawa na'ibin limamin Juma'a, yau zufa ce ke bin wuyansa alhali rana ba ta yi zafi ba.

Shi kuwa tsohon, abin jiya ne ke ta dafa shi.

Shekara arba'in da biyar yana faɗa wa mutanen Kebbe magana ɗaya: shi ya buga jita a faifan farko na ƙungiyar Tartsatsi. A 1977 ne, lokacin da jihar Sakkwato ke jaririya, kuɗin mai na yawo, samari na tara suma suna sa wando mai faɗin ƙafa. Su huɗu suka hau jirgin ƙasa zuwa Ikko suka buga kiɗan rok da Hausa, waƙa takwas. Kafin a ɗauki hoton bangon faifai aka aiko cewa mahaifinsa ba lafiya, ya taho gida. Da faifan ya fito, mutum uku ne a hoton, Attahiru mawaƙinsu a tsakiya rungume da jitar Gidaɗo, an rubuta a ƙasa wai murya da jita duk nasa ne. Attahirun da ko ɗaure tsirkiya bai iya ba.

Shaida ɗaya Gidaɗo ke da ita. Sauran makaɗa in za su fara waƙa ƙirgawa suke, ɗaya, biyu, uku. Shi da ya tashi a bayan shanu, fito yake yi, gajere biyu dogo ɗaya, irin wanda yake ta da garken mahaifinsa da shi. A tsohon faifai, can ƙarƙashin shuuu da ƙas-ƙas na allurar garmaho, in ka kafa kunne za ka ji shi a farkon waƙar fari. Wasu su ce sun ji, yawanci su ce kukan allura ne. Daga baya zafi ya lanƙwasa faifan, shaidar ta tafi, aka bar shi da sunan da yara ke kiransa a bayan ido: Baba Jita.

Sai ga labari cewa wani kamfani a Turai ya tono ainihin zaren kaset da aka ɗauki kiɗan a kai, ya wanke sautin tas, ya sake fito da faifan har da ƙarin waƙoƙi uku da ba a taɓa ji ba. Jiya ranar kasuwa Gidaɗo ya tara majalisa kaf a shagon Ɗanmaliki mai sayar da wayoyi, ya ce yau za su ji da kunnensu.

Aka kunna. Ganga ta fito kamar a cikin shagon ake dukanta. Ana jin zamewar yatsa a kan tsirkiya, ana jin numfashin marigayi Na'Allah mai ganga. Komai ya fito fes.

Ban da fiton. Wurinsa shiru ne, wankakke.

Dariyar da aka yi masa har masu awon dawa sai da suka leƙo.

*

Hantsi ya ɗaga suka shiga Tambuwal. Gidan Alhaji Attahiru ba ya ɓata, gidan tsohon ɗan kwangila ne mai bene, fentinsa ya koɗe. Gidaɗo bai jira an yi masa iso sau biyu ba.

Alhajin na kishingiɗe a kujerar falo, hannun hagu kwance a cinya ba motsi, baki ya ɗan karkace. Gidaɗo ya zo da niyyar ya ji daɗin ganinsa haka, sai ya tarar bai ji ba, wannan ma ya ƙara ba shi haushi.

"Gidaɗo? Kai na?" Attahiru ya yunƙura. "Lale, lale. Ashe za ni sake ganinka. Malam Atiku, bisimilla, ku zanna."

"Ba zama yak kawo ni ba."

Ya zaro faifan ya jefa a kan tebur. Robar ta tsage.

"Ina fitona?"

Attahiru ya dubi faifan, ya dubi Atiku da ya rakuɓe a bakin ƙofa, ya dawo da idonsa.

"Ka zanna tukuna, ka sha ruwa."

"Ina fitona nic ce! Ka ɗauke sunana, na ƙyale. Ka rungume jitata a hoto awa taka, na ƙyale. Gidan rediyo sunka kira ka, kac ce a mafarki kak koyi bugu, ina ji a gona, na ƙyale. Abu guda yar rage min a duniya, fito ukku, ko numfashi biyu bai kai ba. Shi ma sai da kab bi shi Turai kas sa anka kankare?"

"Gidaɗo..."

"Mi nay yi maka? Faɗa min yau. Mu fuɗu munka tafi. Na'Allah ya mutu, Dawuda ya mutu. Saura ni da kai, kuma ni nika yawo cikin Kebbe da sunan maƙaryaci. Jikokina suna rufe baki in na fara zance!"

Muryarsa ta karye a nan, ya ji kunyar hakan, ya juya fuskarsa ga bango. A bangon kuwa hoton nan ne, an ƙara masa girma an sa a gilashi.

Attahiru ya sunkuyar da kai.

"Na farko ni na," ya ce a hankali. "Ba kuskuren kamfani ba na, awa yadda nac ce maka wancan lokaci. Mai hoto yac ce wani shi riƙa jitar, nir riƙa. Sunka tambayi wa ab buga, nay yi shiru, sunka rubuta. Daɗin suna ya ɗebe ni. Wanga na ɗauka, kuma shi nika tsoron tarar wa a kabari."

"Yanzu kaka tuna kabari."

"Yanzu. Tun randa hannun ga ya ƙi tashi." Ya nuna faifan da haɓa. "Ka buɗe 'yar takardar da ke ciki?"

"Turanci na. Mi zan gani?"

"Buɗe shafin ƙarshe. Ai ka yi firamare."

Gidaɗo ya zare ɗan littafin, ya nisanta shi da ido. Ga sunan Attahiru, an rubuta murya kawai. Ga Na'Allah, ganga. Ga Dawuda. A gaban jita kuwa wata kalma ce da bai sani ba.

"Wane na wanga?"

"Ba suna ba na. Cewa sunka yi, ba a san shi ba."

Gidaɗo ya tsaya da takardar a hannu. Shekara arba'in da biyar wani na sanye da rigarsa, yau an tuɓe ta daga jikin wancan, kuma maimakon a miƙo masa sai aka rataye ta a ƙusa.

"Ba a san ni ba," ya maimaita. "Kai ma ba ka san ni ba?"

"Ni nac ce su cire sunana daga gaban jita. Ni nab ba su naka, da garinku, da kwatancen gidanka bayan masallaci."

"Ƙarya kaka yi."

"Baba, mu tafi," Atiku ya faɗa da sauri daga ƙofa. "Azahar na matsowa, ina da darasi."

Ba wanda ya kula shi.

"Jiya kun ji ƙarin waƙoƙin?" in ji Attahiru.

"Wa zai tsaya jin ƙari ana mai dariya?"

"To ji ta ƙarshe. In ka ji, ka zage ni yadda kaka so."

Attahiru ya lalubi abin kunna rediyon da nasa faifan ke ciki, ya danna da hannunsa mai lafiya.

Babu ganga, babu murya. Jita ce ita kaɗai, a hankali, ba irin hayaniyar da suka saba ba. Sautin ya cika falon har ana jin ƙarar kujerar da mai bugun ke zaune a kai.

Zaman da Gidaɗo ya ce ba zai yi ba, sai ga shi a gefen kujera.

Ya tuna ranar. Sauran sun fita cin abinci, shi ya rage a ɗakin ɗaukar sauti, ya zaci injin a kashe yake. Kewar Marka ce ta dame shi, yarinyar da ya bari a Kebbe da alkawarin aure bayan kaka, ya zauna yana buga mata abin da ba zai iya faɗa da baki ba. Bai taɓa sanin zaren na juyawa ba. Marka ta zama matarsa, ta haifa masa Atiku da ƙannensa, yau shekara tara da rasuwarta.

Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa, bai share ba.

"Atiku," ya ce ba tare da ya waiwaya ba. "Ka gane ta?"

Atiku ya kau da kai.

"Ita Innarku ka yi da hanci in tana tankaɗe. Ni nak koya mata. Ka gane ta ko ba ka gane ba?"

"Na gane, Baba."

"To ka zama shaida. Gobe ka tsaya gaban shagon Ɗanmaliki, kai da mutane ka jin maganarka, ka ce wagga waƙar ubanka ta."

Kiɗan ya ƙare. Atiku kansa na ƙasa yana murza makullin babur.

Attahiru ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Gidaɗo, ka bar jaki kana dukan taiki. Tun daga Kebbe kat taho neman wanda yak kankare fitonka, kuma shi yat tuƙo ka."

Gidaɗo ya ɗago.

"Mi kac ce?"

"Baba Alhaji, don girman Allah," in ji Atiku.

"A'a, Malam. Wata takwas ina rufa maka asiri don na zaci za ka faɗa mai da bakinka. Na ɗauki zunubina, ba ni ɗaukar naka." Ya juya ga Gidaɗo. "Kamfanin na da wakiliya, wata 'yar Kaduna, Ni'imatu. Ita ka bin tsofaffin makaɗa tana tattara tarihinsu. Na tura ta Kebbe. Ranar kana rugga wajen shanu, ta tarar da ɗanka. Yac ce ta koma, zai turo mata amsa ta waya. Ta turo min abin da yat tura, tana tambaya wa za ta gaskata."

Ya ɗauki wayarsa daga hannun kujera. Atiku ya yi taku biyu kamar zai fizge, ya tsaya.

Murya ta fito, a natse, da Hausar wa'azi irin ta rediyo, ba irin wadda yake yi a gida ba.

"Assalamu alaikum, Malama Ni'imatu. Ni ne Atiku, babban ɗan Malam Gidaɗo. Na rantse da Allah mahaifina bai taɓa riƙe jita ba. Rakiya kawai ya yi musu zuwa Ikko. Tsufa ne ya sa yake faɗin abin da bai faru ba, kuma iyalinsa ba su yarda a sa sunansa a faifan kiɗa ba. Shi kuma fiton da injiniyanku ke tambaya a kai ko na cikin waƙar ne, ba na kowa ba ne, hayaniya ce. Ku cire."

Saƙon ya ƙare da ɗan ƙara, ƙit.

Jama'a, na sha rubuta faɗa a labarin nan, amma wannan saƙon ya fi kowane faɗa muni.

Gidaɗo ya miƙe a hankali. Ya dubi ɗansa tun daga hula har takalmi, ɗan da ya sayar da bijimai biyu ya tura karatu Sakkwato.

"Hayaniya," ya ce.

"Baba, ka saurare ni."

"Jiya kana tsaye a shagon. Kana gani ana riƙe ciki ana nuna ni. Kai kak kama hannuna kac ce, Baba zo mu tafi gida, Allah ya isa tsakaninka da Attahiru."

"Baba..."

"Da bakin da kaka ja salla kac ce haka."

Atiku ya zube gwiwa biyu. Amma da ya buɗe baki, ba roƙo ne ya fito ba, wani tsohon miki ne.

"Ka san abin da nis sha? Tun ina makarantar allo, ɗan mai jita! Nay yi sauka, ɗan mai jita. Nid dawo da digiri, in na hau mumbari sai in ga dattawa na taɓa juna. Shekara ashirin ina wanke sunan gidanmu. Yanzu kwamiti na gab da ba ni na'ibi, masu neman kujerar na tonon abin da za su jefe ni da shi. Sai ga mace da gyale rabi-rabi ta zo da na'ura, wai za a buga sunanka da hotonka duniya ta gani, a tura wayar kowa cikin Kebbe. In anka ce tsufa na, kowa na yi wa tsoho uzuri. In anka tabbatar, shi ke nan, na zama ɗan makaɗi da shaida!"

"Ashe haka na." Gidaɗo ya gyaɗa kai. "Gara ubanka shi zama maƙaryaci da shi zama makaɗi."

"Ba haka nika nufi ba."

"Haka kaz zaɓa. Ni kiɗa nay yi ina da shekara ashirin da fuɗu, na bari, na yi istigfari, ban ci haƙƙin kowa ba. Kai da gemunka da karatunka kar rantse da Allah a kan ƙarya. Cikinmu wa ya kamata shi ji kunyar wani?"

Atiku ya kifa kansa a ƙasa yana kuka kamar ba malami ba.

Abin da ya fi ci wa Gidaɗo rai shi ne, ko a wannan hali zuciyarsa na cewa ya ɗaga shi, ƙasa da sanyi. Ya tsani zuciyar tasa.

"Ba a gama ba," in ji Attahiru. "Bugun farko ya ƙare, Turawa sun saye. Za su sake bugawa. Zaren asali na nan, fiton na cikinai, ba a taɓa shi ba. Ni'imatu ta ce in mai jitar ya yi magana da bakinai kafin Juma'a, za su mai da fiton, su sa sunanka, su sa hotonka a bango."

Gidaɗo ya juyo da sauri.

"Amma ka sani," Attahiru ya ci gaba, "sai sun rubuta dalilin da ya sa bugun farko yac ce ba a san ka ba. Haka aikinsu yake, ba su ɓoye gyara. Za su ce wani daga iyalinka ya ba da shaidar da ba daidai ba. Kebbe kuwa ba ta buƙatar a faɗa mata ko wane na."

"Baba, Juma'ar ga za a sanar da naɗin." Atiku ya rarrafo ya kama ƙafarsa. "In zancen rantsuwar ga ya fita, ba na'ibi kaɗai ba, ko Islamiyya ba ni sake tsayawa gaban ɗalibi. Ka dubi jikokinka. Ka dubi Inna."

"Kak ka sake sa sunanta a bakinka."

Attahiru ya riga ya danna lambar Ni'imatu. Ya buɗe sifikar wayar ya miƙa.

"Ni na biya nawa. Ga ta nan. In ka so ka yi magana, in ka so ka kashe."

Gidaɗo ya karɓa. Wayar na ringi a tafin hannunsa, sau ɗaya, sau biyu. Yatsun ɗansa sun nutse a idon sawunsa, hawaye na ɗiga masa a kan ƙafa, da ɗumi.

A na huɗu aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Alhaji, ina wuni?" Muryar mace ce, a sake. "Alhaji? Ina jin numfashi, amma kamar ba kai ba ne."

Gidaɗo ya buɗe baki. Atiku ya ƙara damƙe ƙafar.

"Don Allah, wa ke magana?"